Kuɗin inshorar marigayi: abin da ya kamata magada su sani

Kafin a yi sadakar bakwai gunaguni ya fara a tsakar gida. Wai akwai kuɗin inshora, wai babban yaya ya je ofishin Baba shi kaɗai, wai 'yan ɗakin amarya sun san abin da 'yan ɗakin uwargida ba su sani ba. Sau da yawa babu wanda ya ci ko sisi, rashin sanin yadda ake biyan kuɗin ne ke hura wutar.

Idan marigayin ma'aikaci ne a ƙarƙashin tsarin fansho na adashi a Najeriya, kuma ya rasu yana bakin aiki, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatarsa ta yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da yake ɗauka a shekara ba. Mai ɗaukar naira miliyan 2, iyalinsa na da aƙalla miliyan 6. Idan ma'aikatar ta yi sakaci ba ta zuba wa kamfanin inshora kuɗi ba, dokar ta ce ita za ta biya da kanta.

Wannan kuɗi daban, abin da ya taru a asusun fanshonsa daban, kuma a nan ake yawan rikicewa. Na inshora kamfanin zai tura shi ga wanda marigayin ya rubuta sunansa a matsayin mai karɓa. Na asusun fansho kuwa ba ya fita sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu da ke ba wasu daga cikin magada izinin kula da dukiyar mamaci. Shi kuma wanda aka rubuta a fayil ɗin ofis don a kira shi idan wani abu ya faru, wannan kaɗai bai mai da shi mai kuɗi ba.

Takardun da za a nema sanannu ne: shaidar likita kan dalilin rasuwa, takardar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, rahoton 'yan sanda idan hatsari ne, katin shaida da lambar asusun mai karɓa. Mu da muke kai mamaci makwancinsa cikin 'yan sa'o'i, takardar likitan nan ita muke mantawa da ita, daga baya kuma ta zama abin yi wa zarya. Idan inshorar ta ƙashin kansa ce, ko takaful ce, wato inshorar Musulunci, ya shiga, a nemo takardar yarjejeniyar da rasitan biya, domin wadda aka daɗe da daina zuba mata kuɗi tana iya mutuwa tun kafin mai ita.

Sai babbar tambaya: wanda aka rubuta sunansa, kuɗin nasa ne? Kamfani dai da zarar ya biya shi ya fita, ba ruwansa da rabon gado. Malamai sun yi saɓani, amma da yawa suna ganin riƙon amana ne: a biya bashin mamaci, a zartar da wasiyyarsa cikin sulusin dukiya, sauran a raba. Matan su haɗu a tumuni idan akwai 'ya'ya, a cikin 'ya'yan kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A ganina bai kamata wanda kuɗin ya faɗa asusunsa ya yanke wa kansa wannan hukunci ba, ko da gaskiyar tana wajensa. Ya kai maganar gaban alƙali.

Kafin kamfani ya biya, yakan aiko da takardar sallama mai ɗauke da adadin kuɗin, a sa hannu. Kada a sa hannun a ɓoye. A karanta ta a zaure, kowane ɗaki da wakilinsa, a ɗauki hotonta a waya, ranar da kuɗi suka shigo kuma a nuna takardar banki. Idan kamfanin ya tsaya jan ƙafa bayan takardu sun cika, a kai ƙara hukumar NAICOM mai kula da inshora. Idan matsalar daga asusun fansho take, a nufi hukumar PenCom mai kula da fansho.

Kai kuma magidanci da ke karanta wannan, je ka duba sunan da ka rubuta tun kana saurayi, watakila har yanzu na ƙaninka ne. Gyara shi, ka kuma gaya wa iyalinka inda takardun suke.