GASAR IRONMAN: A KAN KEKE AKE CIN GUDUN ƘASA

Akwai wata gasa da ake kira Ironman, watau mutumin ƙarfe, wadda aka fara yi ran 18 ga watan Fabrairu na shekara ta 1978 a tsibirin Oahu na jihar Hawayi, cikin ƙasar Amurka. Mutum 15 suka tashi ran nan, 12 suka kai ƙarshe. A shekara ta 1981 aka maida gasar garin Kona. Ga yadda take: ɗan wasa zai yi iyo na kusan kilomita 4 cikin teku, ya fito ya hau keke ya yi kilomita 180, sa'an nan ya aje keken ya yi gudun ƙasa na kilomita 42, duka a yini guda ba hutawa. Tafiyar keken kaɗai ta zarce nisan Yamai zuwa Dosso.

Wanda bai sani ba zai zaci gwanin keke shi ne wanda ya riga kowa sauka. Masana wasan kuwa sun ce gwani shi ne wanda ya sauka da sauran ƙarfi a ƙafafunsa, domin gudun ƙasa yana nan yana jiransa.

Dalili na farko shi ne iska. A hanya miƙaƙƙiya, yawancin ƙarfin mai keke yana ƙarewa ne wajen keta iska, kuma lissafin ba ya tafiya ɗaya bisa ɗaya: wanda ya so ƙara kashi 10 cikin ɗari a gudunsa, sai ya ƙara kusan kashi 30 na ƙarfi. Ga shi kuma dokar gasar ta hana laɓewa bayan wani don samun sauƙin iska, tilas a bar tazara tsakanin kekuna. A Kona hanyar tana ratsa filin baƙin dutse mai zafi har zuwa ƙauyen Hawi, inda ake juyowa, iska kuwa tana bugun mutum ta gaba da ta gefe.

Dalili na biyu yana cikin jikin mutum. Tsoka da hanta suna tanadin sukari kimanin giram 500, kamar hatsi a rumbu. Kitse yana da yawa, amma jiki ba ya iya ƙona shi da sauri. In mutum yana tafiya daidai wa daida, jiki yana haɗa kitse da sukari. In ya matsa, sai ya koma ga sukari, rumbu ya yi ƙasa tun rana ba ta yi tsaka ba. Shi ya sa ƴan wasa suke cin abin da ya kai giram 60 zuwa 90 na sukari kowace awa suna bisa keke. Amma wanda ya tsananta wa kansa, jini yakan bar hanji ya koma ƙafafu, abin da ya ci ya tsaya masa a ciki, ga tashin zuciya.

Don haka ake ɗaura wa keke wata na'ura mai auna ƙarfin da ƙafa take bayarwa. Ɗan wasa yakan gwada iyakar ƙarfin da zai iya riƙewa tsawon awa guda, ran gasa kuwa sai ya tsaya wajen kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na wannan adadi, manyan gwanaye su kai wajen 80. Abin da ake daidaitawa ƙarfi ne, saurin keken kuwa a bar shi ya bi hali. In an zo hawa, a sauya giya, a ƙyale gudu ya ragu. In an zo gangara, a ci gaba da taka feda. Wuyar abin tana awa ta farko, sa'ad da jiki yake da daɗi, abokan gasa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, zuciya tana cewa a bi su.

Tarihin Kona ya ba da shaida. A shekara ta 1995 Bajamushe Thomas Hellriegel ya sauka daga keke yana gaban Mark Allen na Amurka da minti 13. Allen, mai shekara 37, bai bi shi ba a kan keke. Da aka shiga gudun ƙasa ya riƙa rage tazarar kaɗan kaɗan, har ya cim masa kusa da ƙarshe, ya ci gasar karo na shida. Hellriegel bai sami tasa nasarar ba sai a 1997.

A shekara ta 2024 abin ya maimaitu. Sam Laidlow na Faransa ya gama kilomita 180 cikin awa 3 da minti 57, abin da ba wanda ya taɓa yi a Kona kafin ran nan. Da ya shiga gudun ƙasa sai ƙafafu suka ƙi, ya ƙare bai ko shiga cikin goma na farko ba. Patrick Lange na Jamus, wanda keken ya ɗauke shi wajen minti 9 fiye da haka, shi ya zo na ɗaya da awa 7 da minti 35.

Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Minti 5 da mutum ya ƙwata da ƙarfin tsiya a kan keke, sau da yawa yakan biya shi da rabin awa yana tafiyar ƙasa, hannu a ƙugu. Saboda haka matashin da yake sha'awar wannan wasa, ya fara da sanin iyakar ƙarfinsa, ya koyi ci da sha bisa keke tun wajen horo, ran gasa kuma in an wuce shi a kilomita 20 na farko, ya yi haƙuri ya riƙe takunsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka wuce shi zai tarad da su a gaba.