Ƙwayoyin Da Ke Cin Baƙin Mai

A Kagarawal, kamar sauran unguwannin Gombe, duk inda ake gyaran mota, babur ko janareto akwai wani baƙin tabo a ƙasa da ko ciyawa ba ta fitowa a kansa. Nan ake tsiyayar da baƙin mai, wasu ma a masai suke zuba shi don kashe wari. Ƙasar Gombe kuwa rairayi ya yi mata yawa, mai bai da wuyar nutsewa, wanda ya rage a sama ruwan damina ya kwashe shi zuwa kwari. Mun saba ɗaukar ɓarnar mai a matsayin matsalar Kudu, amma tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar man Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022, zancen ya zo gida. A ganina, ya kamata Gombe ta koyi wanke ƙasa a garejin bakanike tun kafin babbar malala ta same ta.

Maganin mafi araha yana cikin ƙasar kanta. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, irin su Pseudomonas da Bacillus, da wasu nau'o'in funfuna, waɗanda mai abinci ne a wurinsu. Sukan farfasa shi har ya koma ruwa da iskar kabon. Matsalar ita ce mai kaɗai ba ya ƙosar da su. Suna bukatar iska, laima da sinadaran taki, wato naitirojin da fosfaras. Shi ya sa aikin ya yi kama da gyaran gona: a kafce ƙasar da ta gurɓace, a cakuɗa ta da kashin kaji ko na shanu, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Cikin watanni baƙin yakan dusashe, wari ya ragu. Ba sabon abu ba ne. Lokacin da jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska ta Amurka a 1989, taki aka watsa a gaɓar teku don ƙwayoyin wurin su ƙara himma. Can sanyi ne ke rage musu ƙarfi, mu kuwa zafi muke da shi, kuma ƙwayoyin sun fi aiki da ɗumi.

Wani zai ce, to rani fa? Gaskiyarsa. Busasshiyar ƙasa ba ta aiki, kuma a garin da ake sayen ruwa da jarka, ba kowa zai shayar da turɓaya ba. Sai dai ana iya fara aikin da faɗuwar damina, a kewaye wurin kada ruwa ya tafi da man. Mai tsoron cuta ya kwantar da hankali, ba baƙin ƙwayoyi za a kawo ba, na wurin za a ciyar. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ƙarafa: tsohon man inji yana ɗauke da dalma da makamantanta, kuma babu ƙwayar da ke narkar da ƙarfe. Don haka ƙasar da aka gyara ba ta shuka alayyafo ba ce, sai an auna ta. Haka kuma idan mai ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, inda iska ba ta shiga sosai, aikin kan ɗauki shekaru. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaranta na iya cin shekara 25 zuwa 30.

Wannan jinkirin shi ne hujjar farawa da wuri, tun man yana saman ƙasa. Jami'ar Jihar Gombe na da masana da ɗakunan gwaji, makanikai na da ƙungiya, kashin kaji kuma ba ya tsada. Gwamnatin jiha ta haɗa su a kan gareji guda, a gwada, a auna, a bayyana sakamako. Kafin nan, ranka ya daɗe bakanike, tara baƙin manka a duro, kada ka zubar a ƙasa.