Sarautar Aro: Gidan Kanta a Hannun Masu Rinjaye

A watan Afrilu na shekarar 1805 rundunar jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a ƙarƙashin ƙanensa Malam Abdullahi da Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo, ta ci Birnin Kabi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya sha da ƙyar. Masu jihadi ba su ɗora ɗayansu a kan gadon ba. Wani ɗan gidan sarautar Kabi suka ɗauko, wanda ya riga ya yi wa Shehu mubaya'a, sunansa Usman Masa, suka naɗa shi. Shekarar ba ta fita ba sai da ya juya musu baya, kuma bai daɗe bayan haka ba ya rasa ransa.

Mutanen Tambuwal da na Kebbe sun fi kowa cancantar sanin wannan labari, domin a ƙofar gidansu aka yi shi. Gwandu, inda Shehu ya koma da zama a wannan shekara, maƙwabciyar Tambuwal ce. Ƙasar Kebbe kuwa tana tsakanin Gummi da Jega, a yankin Gulbin Zamfara, inda dawakin ɓangarorin biyu suka yi ta kai da kawowa. Amma yaro zai gama sakandare a garuruwan nan bai taɓa jin sunan Usman Masa ba. Wanda ya ji kuwa, kalma ɗaya aka ba shi: maci amana. Wannan kalma ta yi kaɗan ga al'amarin.

Me ya sa mai rinjaye zai ci gari da takobi sannan ya miƙa shi ga ɗan gidan da ya kayar? Dalilin a fili yake. Jama'ar Shehu a 1805 ba su da yawan da za su zaunar da mayaƙa a kowane gari. 'Yan watanni kafin nan sun yi mummunar asara a yaƙin Tsuntsuwa, ga yunwa, ga Gobir nan da ƙarfinta ba a ci birninta Alƙalawa ba tukuna. Kabawa kuma ba ƙananan mutane ba ne. Kakansu Muhammadu Kanta shi ne ya yi wa Askiya na Songhai tawaye wajen shekarar 1516, ya kafa daularsa, ya gina Surame da ganuwar da har yau kufanta ke tsaye. Mutanen da suka yi kusan shekara 300 suna bin gida ɗaya ba za su wayi gari su durƙusa wa baƙo ba. Amma in aka ce ga jinin Kanta a kan gado, manomi zai kawo hatsi, masunci zai kawo kifi, dagaci zai zo gaisuwa. Jinin Usman Masa ake bukata. Matsalar ita ce wannan jinin da ya sa ya yi amfani shi ne kuma ya sa ya zama abin tsoro, domin duk ranar da ya ga dama yana da jama'ar da za ta amsa kiransa.

Ranar ta zo da wuri. A ƙarshen 1805 Gobirawa da Abzinawa suka haɗa babbar runduna suka nufo Gwandu. Usman Masa ya duba, ga danginsa a gefe guda, ga waɗanda suka naɗa shi a ɗaya gefen, gaba kura baya sayaki. Ya koma wajen abokan gaban jama'a. Aka gwabza a Alwasa, yamma da Gwandu, jama'ar Shehu suka sha kashi, aka kashe musu mutane masu yawa, har maharan suka iso bakin Gwandu kafin a mayar da su. Da ƙura ta lafa aka bi Usman Masa aka kashe.

Babu mai cewa warware alkawari a tsakiyar yaƙi ƙaramin abu ne. Rayukan malamai da almajirai sun salwanta a Alwasa, kuma wanda ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ko Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi zai ji zafin wannan lokaci a bakin waɗanda suka gan shi da idonsu. Sai dai a lura, duka littattafan biyu daga hannun waɗanda ya bari suka fito. Mai adalci zai ƙara da tambayar kansa: da Usman Masa ya tsaya tare da masu jihadi, wane suna Kabawa za su sa masa?

Wannan dabara ta naɗa ɗan gida a ƙarƙashin mai rinjaye ta girmi Sakkwato da Kabi nesa ba kusa ba. Rumawa sun ƙware a kanta, kuma misali mafi kusa da mu a Afirka ya faru. Juba na Farko, sarkin Numidiya a ƙasar Aljeriya ta yau, ya goyi bayan abokan gaban Yuliyas Kaisar, aka ci su a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Uban ya mutu. Ɗansa, shi ma Juba, yana jariri aka kai shi birnin Rum, aka zaga da shi cikin jerin ganimar yaƙi. Ba su kashe shi ba. A gidan masu mulki aka rene shi, ya yi karatu mai zurfi har ya zama marubucin littattafai da harshen Girka. A shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa, Kaisar Agustus ya naɗa shi sarkin Muritaniya ta da, wato arewacin Maroko da yammacin Aljeriya. Aka aura masa 'yar Kilyobatra ta Masar, wadda ita ma marainiyar yaƙi ce da aka rena a Rum. Juba ya sauya wa babban birninsa suna zuwa Kaisariya don girmama ubangidansa, garin da ake kira Sharshal yanzu. Ya yi kusan shekara 48 yana mulki bai taɓa ɗaga wa Rum yatsa ba. Duk da haka, da ɗansa ya gaje shi, Kaisar Kaligula ya sa aka kashe ɗan a shekara ta 40 miladiyya, Rum ta haɗiye ƙasar. Biyayyar uba ba ta ceci ɗa ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kabi ma ta yi nata yaron da aka rena a fadar masu rinjaye, amma labarinsa ya bi wata hanya daban, kuma shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa.

Muhammadu Hodi bai miƙa wuya ba. Ya yi fiye da shekara 20 yana yaƙi daga wannan mafaka zuwa waccan har aka kashe shi a 1826. Ɗan'uwansa Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya ɗauki tutar daga Argungu. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka haɗu a kansa, shi ma ya faɗi. Masu ba da labari suna cewa da ya ga ba mafita sai ya sauka daga doki, ya zauna a kan garkuwarsa, ya jira masu binsa. Ɗansa Yakubu Nabame ya faɗa hannu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar shi da rai, ya ajiye shi a fada. Ba kurkuku aka jefa shi ba. Zama ne na mutunci, amma ba shi da izinin komawa gida. A haka ya ga ƙarshen zamanin Bello a 1837, ya ga na Abubakar Atiku, ya shiga na Aliyu Babba, wanda ya hau a 1842.

A yi tunanin wannan zama na shekara 18. Yana cin tuwon gidan da ya kashe mahaifinsa da ɗan'uwan mahaifinsa. Yana salla sahu ɗaya da su, yana hawa tare da 'ya'yansu, ya san dabarun yaƙinsu, ya san wanda ke jituwa da wanda ba ya jituwa a cikin manyansu. Labarin da ya shahara shi ne a wani yaƙi ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai uban ya saka masa da 'yanci, ya bar shi ya koma ƙasarsu. Ba wauta Aliyu ya yi ba. Irin lissafin da Agustus ya yi a kan Juba ne: ga ɗan sarki, ga tarbiyyar fada, ga alheri a wuyansa, wa ya fi shi dacewa ya kwantar da Kabawa?

A 1849 Yakubu Nabame ya yi tawaye. Kabawa suka amsa, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka shigo. Cikin ɗan lokaci Gwandu ta rasa iko da babban yanki na yammacinta. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya isa Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya kuma rubuta irin zaman ɗar-ɗar da ya tarar a hanyoyin yankin. Nabame ya mutu a fagen fama a 1854, amma wutar da ya kunna ba ta mutu ba. In ban da sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga ya kuma ɗore 'yan shekaru kafin ya warware a 1875, an yi ta yaƙi har zuwan Turawa.

To, Nabame butulu ne ko ɗan halak? A Argungu jarumi ne da ya dawo da martabar gidan Kanta. A idon fadar da ta rene shi, mutum ne da ya rama alheri da takobi. Ra'ayina shi ne kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba, kuma abin da labarin ya fi nunawa shi ne iyakar dabarar kanta. Za ka iya rene ɗan sarki, ka ciyar da shi, ka koya masa karatu, amma ba za ka iya hana mutanen ubansa kallonsa su ga sarkinsu ba. Juba an kai shi ƙasar da ba ta ubansa ba, yana kuma jariri aka ɗauke shi. Nabame da wayonsa aka kama shi, kuma cikin danginsa aka mayar da shi.

A nan ne matsayin Tambuwal ke fitowa. Muhammadu Bello ya bi tsarin ribaɗi, wato garuruwan tsaro a bakin iyaka, kowanne a hannun wani amintacce, galibi ɗan gida. Shi da kansa ya zauna Wurno. Tambuwal ta zama ta ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, malami, marubucin waƙoƙi, mayaƙi, wanda ya tashi a hannun Malam Abdullahi. Darasin Alwasa yana cikin wannan tsari: bakin iyaka mai hatsari, a hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu, sai wanda ba a shakkar jininsa. Bayan 1849 zuriyar Buhari da talakawansu ne suka zauna da wannan hatsari shekara da shekaru, noma da makami a kusa, dare da ƙofar gari a rufe.

Sai kuma zamani ya juya, kowa ya ɗanɗani zama ƙarƙashin wani. Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda ake kira Sama, ya hau gadon Argungu a 1883. Da Turawan Ingila suka iso ya karɓe su, suka tabbatar masa da sarautarsa, ya ci gaba har 1915. Gidan da ya ƙi zama ƙarƙashin Gwandu ya zauna ƙarƙashin Bature. A watan Maris na 1903 aka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi, Gwamna Lugga na Turawa kuma ya tabbatar da Attahiru na Biyu, ɗan Aliyu Babba, bisa sharuɗɗan da shi ya gindaya. Gidan da ya naɗa Usman Masa ya wayi gari ana naɗa shi. A 1931 Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ya bar gado a ƙarƙashin matsin Turawa. Tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato kuwa sai a 1934 aka binne ta a bainar jama'a, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, wanda shi ne tushen bikin da duniya ta sani yau.

Gidan Buhari ma ya ga nasa rabon a zamaninmu. Alhaji Ibrahim Dasuki, haifaffen Dogon Daji a ƙasar Tambuwal a 1923, shi ne na farko daga zuriyar Buhari da ya zama Sarkin Musulmi. An naɗa shi a 1988 zamanin mulkin soja na Janar Babangida, naɗin da ya jawo tarzoma a Sakkwato. A watan Afrilu na 1996 gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe shi, aka kai shi jihar Taraba. Asalinsa ne ya ba shi damar shiga sahun masu neman gadon, amma alƙalamin da ya tabbatar da shi da wanda ya sauke shi duk daga wajen fada suke. Har gobe takardar naɗin uban ƙasa daga gidan gwamnati take fitowa. Wanda ya fahimci haka zai san inda ikon hakiminsa ya tsaya, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in abin ya fi ƙarfin fada.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu matasa ke ɗauko guntayen wannan tarihi a Facebook suna jifan juna da su, wannan ya ce kakanninku bayi ne, wancan ya ce naku mamaya suka yi. A Tambuwal da Kebbe, inda auratayya ta cakuɗa Bakabe da Bafulatani da Bazamfare, mai wannan zagi sau da yawa kakarsa yake zagi bai sani ba. Cikakken labari shi ne maganin guntu, kuma cikakken labarin yana hannun mutanen da ke ƙarewa: tsofaffin fadawa, makaɗan fada da suka haddace jerin sarakuna, tsofaffin mata da suka san wace gimbiya aka kai wane gida, limaman da ke da takardun ajami da na Larabci a cikin gafaka. Duk mai waya a aljihu zai iya zama gaban kakansa ya ɗauki muryarsa, ya tambaye shi daga ina gidansu ya taso, wa ya ba su sarauta, wa ya taɓa karɓe ta, su wane ne iyaye mata. Takardun da gara ta fara ci a ɗauki hotonsu shafi-shafi kafin damina. Hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gidan tarihi na Kanta a Argungu da Gidan Arewa a Kaduna duk wurare ne da ke adana irin waɗannan kayan, kuma iyali za su iya miƙa kwafi su riƙe na asali a gida.