Aiki A Gida: Ina Zauren Ɗan Arewa A Kudu?

Daga Wakilinmu na Arewa

Tun da aka hana fita a Ikko a ƙarshen watan Maris na 2020 saboda cutar korona, ma'aikata da yawa suka koma yin aikin ofis a gidajensu. Ana ta zancen abin kamar baƙo ne, alhali kuwa a wurin Bahaushe tsohon abu ne.

Ku dubi Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916. Fatoman shanu da na goro a gida suka riƙa sana'arsu. Nan falke zai sauka, nan za a ajiye masa kuɗi, nan za a sasanta bashi. Matan kulle kuma suna daga ciki suna dakan fura da suyar ƙosai, yara na kai talla. Abin da ya hana sana'a cinye gidan shi ne zaure. Baƙo iyakarsa nan, sai ya yi sallama an amsa. Maigida kuwa in ya shige ciki, ciniki ya tashi ke nan.

To, yau ɗan'uwanmu da ke haya a Agege ko Idi-Araba ɗaki ɗaya gare shi, in ya yi sa'a ciki da falo. Keken ɗinki ko kwamfuta na gefen gado, yara na wasa a ƙasa. Ga kuma waya, wadda ba ta san sallama ba. Ana cikin cin tuwo mai kaya zai kira, maigida ya miƙe ya bar akushi. Uwargida ta yi magana a ce ta yi shiru, yaro ya yi kuka a daka masa tsawa. Sannu a hankali sai mutum ya zama baƙo a ɗakinsa, watau yana nan amma ba ya nan.

Wanda ba shi da zauren ƙasa, sai ya gina na lokaci. Ya fara aiki da hantsi, ya ɗaga da azahar, in an kira magariba ya rufe keke, ya ajiye waya. Ya gaya wa masu hulɗa da shi lokacinsa, za su saba. Kuɗin jari kuma kada ya haɗa su da na cefane a aljihu guda.

Jama'a, neman abin rufin asirin iyali ne ya kawo mu Kudu. In neman ya raba mu da iyalin, me muka samu? Taura biyu dai ba ta taunuwa.