Saba ɗaya, sunaye da yawa: yadda ake buɗe wa ƙungiyoyi da kamfanoni gidan wayar imel

Duk wanda ya taɓa karɓar katin wata ƙungiya ko ƙaramin kamfani a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san abin. Tambari mai kyau, suna mai nauyi, amma adireshin imel na Gmail ne ko Yahoo, sau da yawa ma da sunan wanda ya buɗe shi. Ranar da mutumin ya bar aiki, ko ya tafi ci-rani, ko aka samu saɓani, wasiƙun shekaru sun tafi da shi, har da na masu ba da tallafi da takardun kwangila.

Mafita ita ce ƙungiya ta mallaki sunanta a intanet, wanda ake kira domen, kamar mai ƙarewa da .ne, alamar Nijar, sannan ta rataya imel ɗinta a kansa. Ba sai kowace ƙungiya ta yi hayar tata saba ba, wato kwamfutar nan da ke aiki dare da rana. Saba ɗaya na iya riƙe wasiƙun makaranta da asibiti mai zaman kansa da ɗan kasuwa da ƙungiyar ƴan ci-rani, kowa da sunansa, ba wanda ke leƙa na wani. A nan ne matasan da suka karanci kwamfuta ke da abin yi.

Kamar akwatunan gidan waya

Wanda ya san akwatin BP na gidan waya ya riga ya fahimci rabin aikin. Gini ɗaya ne, akwatuna da yawa, kowa da makullinsa, kuma mai akwati ba ya kwana a ginin.

A tsohon tsari, duk mai adireshi sai an buɗe masa asusu a cikin ita kanta na'urar. Idan makaranta na son adireshi mai suna "sakatare", asibiti ma na so, wasiƙun sai su zube a akwati ɗaya. A tsarin da ake bi yanzu, adireshi layi ne kawai a cikin rajista, kuma ana duba shi gaba ɗayansa, da abin da ke gaban alamar @ da abin da ke bayanta. Saboda haka sakataren makaranta daban, na asibiti daban. Asusu ɗaya tak ake buɗewa a na'urar, shi ke mallakar duk fayilolin, kowane domen da jakarsa.

Kayan aikin kyauta ne

Manhajoji biyu ne ginshiƙi, kuma ba a sayen ko ɗaya. Postfix, wadda Wietse Venema ɗan ƙasar Holan ya rubuta a kamfanin IBM ta fito a 1998, ita ce mai karɓar wasiƙa daga waje da aika ta. Dovecot, wadda Timo Sirainen ɗan ƙasar Finlan ya fitar a 2002, ita ce mai tantance kalmar sirri da buɗe wa mutum akwatinsa a wayar salula ko kwamfuta.

Rajista uku ake ba Postfix: ta sunayen domen da sabar ta yarda ta karɓa, ta akwatunan da ke akwai, da ta sunayen laƙabi, wato adireshin da ba shi da akwati sai dai ya miƙa wasiƙa ga wani. Idan adireshin kaɗan ne, fayil na rubutu ya isa. Idan suna da yawa, ana zuba su a rumbun bayanai irin MariaDB, a ɗora PostfixAdmin domin kowace ƙungiya ta riƙa buɗe wa ma'aikatanta akwati da kanta. Roundcube kuma na ba da damar karanta wasiƙa ta shafin intanet. Wanda ba ya son haɗa su ɗaya bayan ɗaya, akwai haɗaɗɗun tsare-tsare irin su Mailcow da iRedMail.

Nuna wa duniya hanya

Girka manhaja ba shi ne ƙarshe ba. Dole sabar ta kasance da lambar IP da ba ta canzawa, kuma ƙofarta ta 25, wadda sabobi ke magana da juna ta cikinta, a buɗe. Kamfanonin haya da dama na rufe wannan ƙofa saboda masu aika tarkacen saƙonni, don haka a tambaya kafin a biya.

Daga nan sai a shiga kundin DNS na kowane domen a rubuta layin MX, wanda ke cewa wasiƙun wannan suna ga inda za a kai su. Domen goma na iya nuna saba ɗaya. Ita ma lambar sabar dole ta nuna sunanta idan aka bincika ta baya, abin da ake kira PTR. Takardar tsaro da ke ɓoye hanyar saƙo kyauta ce a wurin Let's Encrypt, tana aiki kwana 90 kuma ana iya saita ta ta riƙa sabuntuwa da kanta. Masu akwati na aika wasiƙa ta ƙofa ta 587, su karanta ta 993.

Inda gizo ke saƙar

Karɓar wasiƙa ba ta da wuya. Aika ta ta isa ba ta faɗa kwandon tarkace ba, nan ne aikin yake. Kowane domen na buƙatar shaidu uku. SPF na bayyana sabar da aka yarda ta aika da sunansa. DKIM sa hannu ne na lissafi da ake liƙa wa kowace wasiƙa. DMARC kuma na faɗa wa mai karɓa abin da zai yi idan shaidun ba su dace ba. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: duk mai aika wa Gmail sai yana da SPF ko DKIM, mai aika kimanin saƙo 5,000 a rana kuwa sai ya cika duka ukun.

Hatsarin tarayya shi ne lambar IP ɗaya ce ga kowa, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Idan aka sace kalmar sirrin mutum ɗaya aka yi ta watsa saƙonnin damfara da akwatinsa, cibiyoyi irin su Spamhaus na iya sanya lambar a jerin baƙi. Washegari wasiƙar makaranta da ta asibiti duk sai a dawo da su. Shi ya sa ake ƙayyade yawan saƙon da akwati ɗaya zai aika a awa, a tilasta kalmar sirri mai ƙarfi, a kuma tabbatar sabar ba ta isar da wasiƙar baƙon da bai shiga da sunansa ba.

Wuta da ajiya

Ajiye saba a ofis na da daɗin faɗi, amma kowa ya san halin wutar lantarki, musamman lokacin zafi. Ba a manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ɗaukewar ƴan awoyi ba ta ɓatar da wasiƙa, domin sabar mai aikawa na ci gaba da gwadawa. Postfix na jira har kwana 5 kafin ta haƙura. Amma mai jiran amsar kwangila ba shi da kwana 5.

Hayar saba a waje ma ba ta raba mutum da tsautsayi. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu da kwafin ajiyarsu ke wuri guda suka rasa komai. Darasin shi ne kwafi kullum, a wani wuri daban, kuma a riƙa gwada dawo da shi.

Amana kafin riba

Mai kula da saba na iya buɗe kowane akwati in ya ga dama. Wannan amana ce, kuma doka na kallo: tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Ya kamata a yi yarjejeniya a rubuce, kuma domen ya kasance da sunan ƙungiyar, ba da sunan mai gyara ba. In aka raba gari, ƙungiya ta canza layin MX ta kwashe kayanta.

Aikin ba ya buƙatar zama kusa da na'urar. Matashin da ke Legas, Aljas ko Paris na iya kula da wasiƙun ƙungiyar garinsu daga inda yake. Sai dai ya fara da nasa domen, ya gwada na wasu watanni, ya ga ko wasiƙunsa na isa, kafin ya karɓi kuɗin kowa.