Daga Italiya zuwa Safo: Yadda haske da ƙarfe suka shiga harhaɗa maganin zazzaɓin cizon sauro

Da damina ta kankama, Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, mata goye da yara masu zazzaɓi kan cika asibitin Safo da ke gundumar Madarunfa. Maganin da aka fi ba su, irin su Coartem, tushensa sinadarin atemisinin ne, wanda masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta tace daga wani nau'in tazargade a 1972, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015.

Noman ganyen kuwa ba shi da tabbas: bana ya yi yawa farashi ya faɗi, baɗi manoma su guje shi magani ya yi tsada. Shi ya sa aka nemi hanyar harhaɗa shi a masana'anta.

Wahalar tana cikin siffar sinadarin. Wasu sinadarai kamar tafin hannu suke, akwai na dama akwai na hagu. Kayan haɗinsu ɗaya ne, amma ba a ɗora wannan kan wancan su dace. Atemisinin na da irin wannan gaɓa har bakwai, kuma dole kowace ta fuskanci inda ya kamata.

Tawagar Jay Keasling a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta sauya halittar yis har ya riƙa samar da sinadarin farko, amma da sauran aiki. A masana'antar Sanofi da ke Garessio a Italiya, wadda ta fara aiki a 2013, an riƙa amfani da ƙarfen ruteniyom wajen liƙa haidurojin a ɓangaren da ake so. Sai a haska fitilu kan ruwan sinadarin tare da wani rini, hasken ya zaburar da iskar oksijin ta shiga ta gina gaɓar da ke kashe ƙwayar cutar.

Kimiyya ta yi nasara, kasuwa ce ta ƙi. A wancan lokacin kilo ɗaya na masana'anta ya kai dala 350 zuwa 400, na gona kuwa ya sauko ƙasa da dala 250. A 2015 Sanofi bai harhaɗa ko kaɗan ba, a 2016 ya sayar wa kamfanin Huvepharma masana'antar.

Don haka har yanzu maganin da ake bai wa yaron Safo ya fi dogara ne kan gonakin tazargade na Sin da Biyetnam da gabashin Afirka, da kuma yadda damina ta yi musu a can.