Fim Ɗin Zane Da Igwar Mizon: Wa Zai Ba Da Labarin Kona?

Duk wanda ya leƙa gidajen Jalingo da yamma zai tarar da yara sun yi tsit gaban talabijin, suna kallon fim ɗin zane mai motsi, wanda suke kira katun. Iyaye kuwa sun saki jiki, wai ai wasan yara ne. To, amma a cikin wasan nan ne yaro ke fara sanin wane ne jarumi, wane ne kuma ɗan rakiya.

Dubi Pocahontas, wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a 1995. An nuna ta budurwa ce mai soyayya da Bature John Smith, alhali kuwa yarinya ce 'yar kimanin shekara 11 sa'ad da Ingilishi suka sauka ƙasar iyayenta a 1607. A 1613 suka sace ta, aka sake mata addini da suna, ta rasu a Ingila a 1617. Duk wannan fim ɗin ya tsallake shi. Tarzan na 1999 kuwa dajin Afirka ya nuna cike da birai da Turawa, babu baƙin mutum ko guda.

Mu ma muna da irin wannan labari a ƙofar gida. A ƙarshen 1892 wani hafsan Faransa, Louis Mizon, wanda ke rige-rigen mallakar kogin Binuwai da kamfanin Ingilishi, ya taimaki Sarkin Muri Muhammadu Nya da igwa aka ci garin Kona na Jukunawa, aka kama mutane da yawa. A 1893 Sarkin ya kafa Jalingo kusa da wurin.

Shin in baƙo ya zana wannan labari, wa zai zama jarumi? Ba shakka Mizon ne, Fulani da Jukunawa kuwa su zama 'yan kallo a cikin tarihinsu.

Fim ɗin Iwaju na 2024, wanda matasan Afirka suka tsara bisa birnin Legas tare da Disney, ya nuna abin ba gagara ba ne. Saura malaman Jami'ar Jihar Taraba da matasanmu masu zane su zauna da dattawan Kona da na fadar Muri, su ji ta bakin kowa, tun masu riƙe da labarin suna raye. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.